Baba da Yoyon Bayan Inji

Daga Allah muka fito, wurinSa kuma za mu tattara mu koma. An naɗe tabarmin makoki, an share ƙofar gida, baƙi sun koma garuruwansu. Wanda muka rufe surukina ne, mahaifin maiɗakina, tsohon bakaniken nan na bayan tashar Gashuwa da yaro da babba ke ce wa Baba. Ni direba ne, hannuna ya fi sabawa da sitiyari a kan alƙalami. Amma na ga yadda ake manta mutum da wuri, shi ya sa na ce bari in ajiye abin da na sani game da shi, ko jikokinsa sa tashi su san irin kakan da Allah ya ba su.

A zaman makokin na ga mutanen da ban taɓa sanin suna da wata hulɗa da shi ba. Wata dattijuwa ta zo daga Katuzu, ta shiga wurin mata tana ba da labari tana share ido da gefen mayafi. Injin niƙa gare ta tun rasuwar mijinta, da shi ta riƙe marayunta. Ta ce duk sanda injin ya tsaya, saƙo kawai take aikawa, Baba ya hau bayan mota ya je ya tayar da shi, ya sha kunu ya dawo. In ta yi maganar lada sai ya ce ai ya sha kunu.

Wani tsohon Bafulatani kuma ya taho tun daga wajen Karasuwa da sandarsa a kafaɗa. Ya ce shekarun baya maciji ya sari ɗansa, motar da ta ɗauko su ta tsinke bel a tsakiyar hanya, Baba ya zo wucewa a wata motar. Ya sauka, ya karɓi igiyar da suke ɗaure maruƙa, ya tufka ta ya ɗaura a madadin bel, ta kai su Nguru. Yaron ya rayu, yanzu har yana da nasa garken. Tsohon bai ma san sunan Baba ba, a kasuwar shanu ya ji ana cewa mai gyaran motar nan na bayan tasha ya rasu, ya ce lalle shi ne.

Surukata ba ta yi kuka a gaban jama'a ba. Abu ɗaya ta hana, da aka zo za a kawar da tsohon gwangwanin yashi da sabulun da ke bakin zaure, inda yake wanke hannu in ya dawo daga gareji. Ta ce a bar mata shi a wurinsa tukuna.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne taubashinsa, ɗan gwaggonsa, mai sayar da kayan gyaran mota a kasuwa. Kowa ya san taubashi ko a bakin kabari tsokana yake yi, wasu ma jira suke ya ce wani abu a ɗan murmusa. Ya jingina da bango tun safe bai ce uffan ba. Da na durƙusa na yi masa gaisuwa, ya dube ni ya ce, "To ni yanzu wa zan zaga?"

Baba a ƙabila Babade ne, haifaffen Katuzu. Tun yana saurayi ya bar gona ya tafi Nguru, lokacin da manyan motoci ke kwaso gyaɗa suna kai wa jirgin ƙasa, a can ya koyi aiki a ƙarƙashinsu. Hausarsa har ya mutu ba ta rabu da harshen gida ba, in kuma Barebari suka kawo gyara sai ka ji ya juye yana wushe wushe da su kamar ɗan cikinsu. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, goro ba ya rabuwa da kumatunsa. Ba ya kiran mota da lambarta ko da sunan mai ita, da garin da take zuwa yake kiranta. Wannan 'yar Dagona ce, waccan 'yar Jajimaji.

Yana da ɗabi'un da direbobi ke yi wa dariya a bayan idonsa. Ba ya buɗe cikin inji in iska na kaɗa yashi, ko da mai motar zai yi birgima a ƙasa. In zai kwance inji sai ya shimfiɗa tsohon zane wankakke, ya jera kowane ƙarfe a kai bi da bi, yadda uwargida ke jera kwanuka. In ya ga yaron gareji yana ɗaure kusa yana huci, sai ya karɓe sifanar ya ce ya je ya sha ruwa, wai abin da ka ɗaure da fushi da kuka za ka kwance shi. Yakan kuma ce inji ba ya ƙarya, mai gyara ne ke yi. Yaransa suna iya yin birki, su yi taya, su sauke giyabos, amma cikin inji nasa ne shi kaɗai. Babban yaronsa har ya yi aure ya haihu bai taɓa sa wa inji ringi da hannunsa ba. Wannan ita ce rowar Baba, kuma ita kaɗai na san shi da ita.

Tsakanina da shi kuwa kunya ce ninki biyu, don 'yarsa ta fari nake aure. Ba ya kama sunanta, ba ya kama nawa. Ita yarinyar nan ce, ni kuma Direba. In na hango shi a hanya sai in tuɓe takalmi in durƙusa, shi kuma ya kau da kai ya amsa gaisuwa yana kallon wani wuri. Shekaru muka yi ba mu taɓa yin zancen da ya wuce lafiya da gajiya da ruwan bana ba.

Abin da ya haɗa mu mota ce. Bayan na daɗe ina tuƙa ta mutane, Allah ya hore mini wata tsohuwar a-kori-kura, a daidai shekarun nan na tsuke bakin aljihu da kayan gyara suka yi wuyar samu. Da ita nake kwaso bandar kifi daga Dagona in kai Nguru a loda wa jirgi, ranar kasuwa kuma in ɗauki shinkafa da fasinja. Jikinta da ƙwari, amma injin ya gaji. Hayaƙi take yi kamar an kunna bola, baƙin mai kuwa sha take kamar ruwa. Ban iya buɗe baki na roƙe shi ba, maiɗakina ce ta gaya wa mahaifiyarta, ita kuma ta gaya masa. Washegari ya aiko a ce wa Direba ya kawo 'yar Dagona.

Ya sauke injin gaba ɗaya ya yi masa aiki irin wanda ake yi wa ɗa. Ya sa sabbin ringi, ya sauya duk abin da ya cinye, ya wanke kowane lungu. Ranar da aka tayar da shi, direbobin tasha suka taru suna sauraro, wani ya ɗora kofin shayi a kan mota ya ce ku duba ko zai girgiza. Baba ya ɓare goro ya miƙa wa na kusa da shi, na ga gefen bakinsa yana motsi.

Ba a yi nisa ba na lura da abin. Na ajiye ta a kan yashi a Dagona ana loda kwanduna, da na ja ta gaba sai na ga baƙin tabo a inda ta tsaya. Na ce ƙila ragowar man aiki ne. Washegari tabon ya fi na jiya faɗi. Na leƙa ƙasa, sai ga ɗigo yana taruwa a daidai inda inji ya haɗu da giyabos, yana kumbura a hankali, ya faɗo, wani ya biyo.

Ga wanda bai san mota ba, a bayan inji akwai wata roba zagayayya kamar awarwaro, sil ake ce mata. Ta cikinta babban ƙarfen da ke juyawa, wato karanshaf, yake fita ya kai ƙarfi ga giya. Aikinta kawai ta rungume ƙarfen nan ta hana baƙin mai bin sa waje. Ba ta fi tafin hannu ba, amma kafin ka kai gare ta sai ka sauke giyabos, ka cire kuloci, ka cire babban faifan ƙarfen da ke bayansa. Aikin yini guda ne saboda abu ɗan mitsitsi.

Na yi ta juya yadda zan gaya wa surukina aikinsa yana yoyo. A ƙarshe na kai motar na ajiye a gabansa, na gaishe shi, na tsaya gefe. Ya tsugunna, ya dangwali ɗigon da yatsa, ya murza, ya kai hanci. Ya ce man inji ne, ba na giya ba, kuma daga baya yake fitowa. Fuskarsa ta sauya. Ya sa aka sauke giyabos a ranar, ya zaro sil ɗin da kansa, ya jefa shi a aljihu ya nufi kasuwa ko hannu bai wanke ba.

Ban bi shi ba, amma kafin la'asar labari ya zagaye gari. Wai ya isa rumfar taubashinsa ya wurga sil ɗin a kan tebur, ya ce jabun kaya ya sayar masa, ya sa shi jin kunya a gaban surukinsa. Da farko taubashin ya ɗauka wasan da suka saba ne, ya ce ai mugun makiɗi ganga yake zargi. Mutane suka yi dariya, Baba bai yi ba. Ya ɗaga murya ya ce kowa ya shaida, wannan rumfa ta koma sayar da kayan bola. A zamanin da jabun kaya ya cika kasuwa, wannan magana ba ƙarama ba ce ga mai rumfa. Taubashin ya miƙe ya ce tun suna yara bai taɓa cutarsa ba, kuma daga yau kada ya ƙara taka masa rumfa. Mutanen da suka tashi gida ɗaya, suka yi kaciya tare, suka daina ko gaisawa. A masallaci ma in wannan ya tsaya dama, wancan sai ya koma hagu.

Baba ya ce ba zai ƙara sa kayan Gashuwa ba. Ya yi saƙo wurin wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano, aka sayo sil a can, ni na je tashar jirgi a Nguru na karɓo. Ya sallami kowa daga bakin ramin da ake shiga ƙarƙashin mota, ya sa shi shi kaɗai, aka mayar da giyabos. Ya ce in je, an gama.

Wannan karon abin ya fi na farko muni. Man ya riƙa zuba har ya jiƙa kuloci. Wata rana da hantsi na taso daga Dagona da cikakken lodin banda, na shiga wani yashi da na saba ratsawa ko da ido rufe. Na taka mai, inji ya yi ta kururuwa, mota ba ta ko motsa ba, ga ƙauri yana tashi daga ƙasa. Muka tura, muka haƙa, muka sa kaba a ƙarƙashin taya, a banza. Sai da aka nemo shanun huɗa suka fitar da mu, wata babbar mota kuma ta ja ni da igiya har cikin Gashuwa, ta gaban tasha, kowa yana kallo. Jirgi ya tashi ya bar kifin mutane.

Shugaban masuntan dattijo ne mai kawaici. Ya same ni ya ce sun san ba da gangan ba ne, amma kifi ba ya jira, in kasuwa mai zuwa motar ba ta tashi ba dole su nemi wata. Abokan aikina kuma suka sa ni gaba. Suka ce tsoho ya gama, in ja motar in kai ta wani sabon gareji a Nguru inda samari ke aiki, surukuta daban, neman abinci daban. Na san gaskiya suke faɗa ta wani ɓangaren. Na kuma san ranar da aka ga motar surukin Baba a garejin wani, ranar garejin Baba ya mutu.

Na kawo maganar gida. Maiɗakina ta ce mota tawa ce, uba nata ne, ba za ta sa baki ba. Can da ta ga na kasa cin abinci, sai ta zauna ta gaya mini abin da ita da mahaifiyarta suka daɗe suna rufewa. Ta ce kwanaki ta shiga gidansu da rana tsaka, Baba yana zaure, ya yi mata sannu da zuwa irin ta baƙuwa, bai gane ta ba sai da ta yi magana. Ta ce ya daina buɗe Alƙur'aninsa da asuba, da ka yake karatu yanzu. Mahaifiyarta ta yi masa maganar asibiti, ya ce duk wanda ya fitar da zancen nan waje bai yafe ba.

Da gari ya waye na nemi mai ja, aka ja motar aka ajiye ta a kan ramin Baba. Na durƙusa na gaishe shi kamar kullum. Ya amsa yana murza goro a hannu. Ya tambaye ni ko ban ji an buɗe sabon gareji a Nguru ba. Na ce na ji. Ya ce to me ya hana ni. Na ce 'yar Dagona ba ta san hannun kowa ba sai nasa. Ya kau da kai, ya ce in dawo ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, lokacin da yara ba sa nan, in zo da tsofaffin kaya a jikina.

Ranar nan ba zan manta da ita ba. Gareji shiru, rana ta ɗan karkata, ni da surukina muka sauka cikin rami ɗaya, kafaɗa na gogar kafaɗa, mutumin da ban taɓa yarda inuwata ta taɓa tasa ba. Muka gitta gungume, muka ɗaure giyabos da igiya muka sauke shi a hankali. Ya kwance kuloci da faifan bayansa ba tare da ya ko duba ba, yatsunsa sun san mazaunin kowace kusa. Sannan ya miƙo mini wani fasasshen madubi ya ce in tare rana in haska wurin. Na haska. Ya kafa ido ya daɗe, har hawaye ya taru masa. Sai ya sauke hannu.

"Direba, ba na gani," ya ce. "Wata yana ce ta rufe mini ido tun bara. Hannuna yana yi mini rabin aikin, amma akwai abin da hannu ba ya gani. Ka duba ka gaya mini gaskiya, kada ka ji kunyata."

Na duba na gaya masa. Sil ɗin bai zauna daidai ba, gefe ɗaya ya nutse ciki, ɗaya ya turo waje. Leɓen robar ya yage a ƙasa. Akwai kuma wata siririyar waya kamar zare da ke zagaye cikin robar tana matse ta, ta fito daga mazauninta tana lilo. Ya ce in zaro shi a hankali. Da na zaro, ya sa farcen babban yatsansa ya bi jikin karanshaf yana zagayawa. Farcen ya tsaya a wuri ɗaya. Ya koma ya sake bi, ya sake tsayawa. Ya kama yatsana ya ɗora a wurin, na ji wani ɗan ƙaramin tsini, kamar ƙayar kifi. Kusa da shi kuma ga wani siririn layi da tsohon sil ya ci a jikin ƙarfen tsawon shekaru.

Ya ce layin tsufa ne, ba laifin kowa. Tsinin kuwa shi ya yi shi, bakin sukundireba ne ya kuskure masa tun ranar da ya fara kwance injin, kuma da idonsa na nan da tuni ya gani ya goge. Wannan ɗan tsinin shi ya yanka sil na farko, shi ya yanka na Kano. Ya zauna a kan matakalar ramin ya riƙe kai. Na ɗauka motar yake tunani, sai na ji ya ce, "Na tozarta ɗan gwaggona a tsakiyar kasuwa a kan laifina."

Na ce masa ba wanda ya sani sai ni, kuma ba za a ji a bakina ba, zan iya komawa Nguru in yi saƙon wani sil ɗin. Ya girgiza kai. Ya ce a kasuwa ya yi ɓarna, a kasuwa zai gyara.

Washegari da hantsi, lokacin da kasuwa ta cika, ya sa farar rigarsa ta Juma'a ya ce in raka shi. Taubashin ya hango mu ya juya baya yana kakkaɓe kayan da ba su da ƙura. Baba ya tsaya a bakin rumfar, bai shiga ba, tunda an hana shi. Ya yi sallama da ƙarfi har maƙwabtan rumfa suka juyo. Ya ce waɗanda suka ji maganarsa ta rannan su matso su ji ta yau.

"Kayanka ba jabu ba ne," ya ce. "Idona ne ya zama jabu, na ɓoye, na ɗora maka. Ka yafe mini don Allah."

Taubashin ya juyo, ya zo dab da shi ya leƙa cikin idanunsa, ya ga farin da ya hau su. Sai ya ce, "Ai ni na daɗe da sanin ba ka gani, tun ranar da ka ce ka fi ni kyau." Jama'a suka fashe da dariya, shi kuma ya juya da sauri yana goge fuska da hula. Ya laluba can ƙarƙashin tebur ya fito da sabon sil a cikin takardarsa. Ashe tun ranar da ya ga ana jan motata ta gaban tasha ya ware shi ya ɓoye, masu nema suna zuwa yana cewa ya ƙare.

A ranar muka sa shi, kuma Baba bai kori kowa ba. Ya kira babban yaronsa ya ce ya sauko ramin. Ya ba shi samfefa mai laushi da aka jiƙa da mai, ya ce ya bi tsinin nan a hankali, yana yi Baba yana shafawa da farce har ya ce ya isa. Aka wanke wurin da fetur, aka goge da tsumma mai tsabta. Ya shafa wa leɓen sabon sil ɗin mai, ya ce kada a taɓa sa shi a bushe, ya sa ni na tabbatar wayar cikinsa tana mazauninta. Sannan ya ɗora guntun katako a kai yana ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma, nan kaɗan, can kaɗan, yana zagayawa. Ni ina riƙe da madubi ina gaya masa gefen da ya rage, yaronsa yana kallo kamar zai haɗiye hannunsa. Bai kai shi can ƙurya inda tsohon ya zauna ba, ya tsayar da shi kaɗan kafin nan, don leɓen ya hau lafiyayyen ƙarfe ya kauce wa layin da ya cinye. Ya yi wa yaronsa bayanin dalili, ya maimaita, ya sa shi ya faɗa da bakinsa. Aka sauya farantin kulocin da ya sha mai, aka mayar da komai.

Ya ce in je Jajimaji in dawo, kada in tausaya mata. Da na dawo ya sa aka shimfiɗa takardar buhun siminti a ƙarƙashinta, aka bar inji yana aiki, muka zauna a inuwar darbejiya har aka kira la'asar. Bayan salla ya ce in jawo takardar in duba.

"Me ka gani?"

"Babu komai, Baba. A bushe take."

"Ka duba da kyau."

"Ko ɗigo babu."

Ya sauke numfashi ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya yi maka albarka, ɗana." Ban taɓa jin wannan kalma daga bakinsa ba sai ranar. Na sunkuyar da kai na yi kamar takardar nake naɗewa.

Kasuwa ta gaba na kai kifin Dagona Nguru a kan kari. Injin nan kuwa shi ne na ƙarshe da Baba ya sa hannu a cikinsa. Ya miƙa wa babban yaronsa akwatin kayan aiki, ya koma kan benci a gindin darbejiya, ana yi yana tambaya yana faɗa. Daga baya ya yarda muka kai shi Kano aka yi masa aikin ido ɗaya, ya dawo yana ganin mutane da hanya, har ya koma buɗe Alƙur'aninsa. Da yamma taubashinsa yakan rufe rumfa ya zo su zauna su yi ta zagin juna har magariba. Kunyar da ke tsakanina da shi ba ta tafi ba, ban daina durƙusawa ba, shi ma bai daina ce mini Direba a gaban mutane ba. Amma in na dawo daga hanya yakan matsa mini wuri a bencin, ya tambaye ni ruwa ya kai ina a fadama, wa ya haihu, wa ya rasu.

A daminar bana zazzaɓi ya kama shi, ya ƙi sauka, ƙafafunsa suka kumbura. Aka ce mu gwada asibitin Nguru. Na shimfiɗa masa katifa a bayan motar, ya ce shi ba kifi ba ne, gaba zai zauna. Haka muka tafi yana jingine da ƙofa, surukata da maiɗakina suna baya. A hanya ya ce in riƙe yarinyar nan da amana, bai taɓa jin ƙarata daga bakinta ba, kuma ya gode. Na ce Baba ai za mu dawo tare. Ya ce in sha Allahu.

Kwana kaɗan ya yi. Da safe, bayan ya sha ɗan kunu, ya cika da kalmar shahada a bakinsa.

Ni na dawo da shi. Wannan karon a baya ya kwanta, lulluɓe da zane, surukata tana gaba kusa da ni tana jan carbi. Na kunna fitila da rana ina tafiya a hankali. Kafin mu kai Karasuwa muka haɗu da wata motar Gashuwa cike da fasinja za ta Nguru. Direban ya rage gudu, ya dubi fitilata, ya dubi wadda ke zaune a gaba, ya dubi bayan motar. Na hango shi ta madubi ya tsaya yana magana da fasinjojinsa, sai ya juya kan mota ya biyo ni. Ta biyu da muka haɗu da ita ma haka ta yi, da wata babbar mota ɗauke da buhunan kanwa. Duk wanda ya zo sai ya tsaya, a gaya masa, ya juya. Ba wanda ya yi ham, ba wanda ya wuce ni. Da muka shigo gari surukata ta waiga ta ga jerin fitilun da ke bin mu, a nan ne ta rufe fuska da mayafi ta yi kukanta.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Mu da muka saura, Allah ya kyautata namu ƙarshen.